In Gyara Ko In Sayar? Tsohuwar Mota Da Lamirin Mai Ita



In kana da mota, ko babur, ko kuwa kai ne aka ɗora wa kula da motar ikkilisiya, akwai wata rana da ke jiranka. Ita ce ranar da makanike zai fito daga ƙarƙashin motar, ya goge hannu da tsumma, ya faɗa maka kuɗin da zai sa ka nemi wurin zama. Daga nan sai tambaya ta bi ka har gida: in sāke zuba mata kuɗi, ko in rabu da ita in nemi wata?

Yawancinmu mun ɗauka wannan magana ce tsakanin mutum da aljihunsa kawai. Lalle akwai maganar kuɗi a ciki, za mu kuwa yi ta. Amma ina so ka lura da wani abu tun da fari. Akwai mutane iri uku da za su biya kuɗin shawarar da ka yanke, ko da yake ba wanda zai tambaye su: iyalinka da ke ci daga aljihun nan, mutanen da za su shiga motar, da kuma wanda za ka sayar masa in ka sayar. Shi ya sa tambayar ta wuce ta gareji, ta zama ta lamiri.

Wace “sabuwa” muke nufi?

Bari mu fara da faɗa wa kanmu gaskiya. A ƙasashenmu, mutum kaɗan ne ke sayen motar da ba a taɓa hawa ba. In an ce wane ya yi sabuwar mota a Maraɗi ko Damagaram, galibi ana nufin ’yar Kwatano, wadda ta gama aikinta a Turai ko Amurka kafin a loda ta a jirgin ruwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka zo. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, wadda ta fi tsawo da tsada, aka kuwa ji abin a kasuwa.

Ashe zaɓin da ke gabanka ba tsakanin tsohuwa da sabuwa yake ba. Tsakanin tsohuwar da ka san ciwonta ne da tsohuwar da ba ka san nata ba tukuna. Taka ka san inda take tari, ka san ranar da aka canza mata kulochi. Waccan kuwa fenti ne ya gaishe ka, lambar kilomita da ke gaban direba ma ana iya mayar da ita baya. In ba ka kula ba, sai ya zama tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Zauna ka yi lissafi

A Luka sura 14 Yesu ya ba da misalin mai son yin gini, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙirga abin da ke hannunsa, don kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa, ya zama abin dariya. Ko da yake kan bin sa yake magana, ya ɗauko misalin ne daga abin da kowane mai hankali ya sani: shawarar da ba lissafi a cikinta takan ƙare da kunya.

To, ɗauki takarda da alƙalami. Rubuta duk abin da ka kashe wa motar cikin watanni goma sha biyu da suka wuce: kayan gyara, ladan makanike, baƙin man da kake ƙarawa kowane mako, kuɗin jan ta daga inda ta mutu. Ka kuma rubuta kwanakin da ta yi kwance, gama in da ita kake neman abinci, kowace rana a gareji asara ce.

Ga misali, don ka ga yadda ake aunawa. A ce gyaran inji zai ci jika 500 na sefa, makanike mai amana kuma ya ce za ta yi maka shekara biyu lafiya. Wannan ya zo wajen jika 21 a wata. A ce kuma kafin ka sami wata motar sai ka ci bashin miliyan 2, ka biya cikin shekara biyun nan. Wannan ya haura jika 83 a wata, ba a ma sa ruwan bashi ba. A nan gyara ya fi. Amma a ce motar haya ce, tana kwana shida a gareji kowane wata, kana rasa jika 10 a rana, ga kuma jika 30 na ƙananan gyare-gyare. Jika 90 ke nan suke zurarewa kowane wata ba ka sani ba, domin kaɗan-kaɗan suke fita. A nan kuwa lissafi ya juya.

Akwai wani tarko a cikin lissafin nan. Za ka ji mutum ya ce, “Na riga na kashe mata kuɗi da yawa, ba zan iya barinta yanzu ba.” Ɗan’uwa, kuɗin bara ya tafi. Ko ka gyara ko ka sayar, ba zai dawo ba. Abin da za ka auna shi ne kuɗin da zai fita daga yau, da aikin da za ta yi maka daga yau.

Ka kuma sani, yawan kilomita kaɗai ba ya yanke wa mota hukunci. Dubi Peugeot 504. A 1968 aka fara yin ta a Faransa, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har bayan shekara ta 2000, ta kuwa yi shekaru masu yawa tana jigila a hanyoyinmu. Me ya raya ta? Kayanta na samuwa, kowane makanike kuma ya san cikinta. Motar da ta fi ta ƙuruciya, amma sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, kayanta kuma sai an aiko daga nesa, za ta iya kwantar da kai wata guda saboda ɗan ƙaramin abu. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, sun san yadda kayan waje ke tashi dare ɗaya.

Motar ma tana faɗa maka halinta in ka kasa kunne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, tare da ruwan lagireto da ke raguwa, sau da yawa gaskit ne ya ƙone. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, kamar yadda kan faru in ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Duk waɗannan suna gyaruwa. Amma in tsatsa ta cinye shasi, ko ya tsage an yi ta bin sa da walda, to ƙashin bayan motar ne ya karye. A Markus sura 2 an yi maganar sabon ƙyalle da aka ɗinka wa tsohuwar tufa, ya ja ta, yagewar ta ƙaru. Haka sabon inji yake a kan ruɓaɓɓen shasi.

Masu ruɗi biyu a cikin zuciya

Lissafi ba ya ƙarya, amma mai lissafi yana iya yi wa kansa ƙarya. Akwai muryoyi biyu da ya kamata ka gane.

Ta fari tana cewa, “Dubi motar wane. Kai fa, har yaushe za a riƙa tura ka a ƙofar majami’a?” Wannan murya ba ta damu da birki ko inji ba, idon mutane take kallo. Ita ce ke sa mutum ya ɗauki ƙaramin ciwo ya mai da shi hujjar cin bashi. Karin Magana sura 22 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. Ba kowane bashi ne laifi ba. Wanda ya ci bashi don ya sayi abin neman abincinsa, ya kuma san inda zai biya, bai yi wauta ba. Amma ka tambayi kanka: daga ina kuɗin kowane wata zai fito? In daga kuɗin makarantar yara ne, ko daga hatsin da ake ajiyewa don tsakiyar damina, to yaranka ne suka saya maka motar, ba ka kuwa shawarce su ba. Ka zauna da matarka ku duba takardar nan tare, gama ita ce za ta fara ganin ƙasan tukunya.

Murya ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin takan sa rigar haƙuri da godiya. Tana cewa, “Ai tana tafiya. A ɗaure da waya, a lallaɓa.” Wani lokaci wadar zuci ce ta gaske, abin yabo. Da tsohuwar zuma ake magani, ba kunya ba ce mutum ya hau motar da ta girme ɗansa. Amma wani lokaci rowa ce, ko sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Ga yadda za ka bambanta su: mai wadar zuci yakan haƙura da abin da shi kaɗai zai sha wuyarsa, kamar kujera mai yagewa, ko ƙofar da sai an buga. Marowaci kuwa yakan haƙura da abin da wasu za su sha wuyarsa.

Waɗanda ke zaune a bayanka

Nan ne maganar ta fi nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya cikin shekara, kuma in aka auna da yawan jama’a, Afirka ce ta fi kowane yanki, ko da yake motocinta kaɗan ne cikin na duniya. Ga masu shekara 5 zuwa 29, hatsarin hanya ne kan gaba wajen kisa. Dalilan suna da yawa: gudu, gajiya, maye, lodi fiye da kima, ramukan hanya. Ba duka ne ke hannunka ba. Amma lafiyar motarka tana hannunka.

Ka tuna da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi, har Damagaram. Tafiya ce mai tsawo, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ga shanu da amalanke, ga manyan motoci. Matar da ta shiga motarka a tasha da jariri a baya ba ta leƙa ƙarƙashi ta duba birki ba. Ba ta ma san yadda ake dubawa ba. Ta ba ka kuɗinta, ta ba ka ranta. Wannan ita ce amana.

A Maimaitawar Shari’a sura 22 an umarci mai gina gida ya yi wa rufin soronsa katanga, don kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau gidan. Ka lura, mai gidan bai tura kowa ba. Laifinsa shi ne ya san akwai inda mutum zai iya faɗowa, ya bar shi haka. Birki, taya, sitiyari da fitila su ne katangar motarka. Fenti zai iya jira. Rediyo zai iya jira. Waɗannan huɗu ba sa jira.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, masu yin taya da yawa kuwa sun ce kada a wuce shekara goma da ita ko da zanenta bai cinye ba. Ka duba wannan kafin ka sayi ta hannu.

Za ka ji wani ya ce, “Allah ne mai tsarewa.” Gaskiya ne, ba wanda ya isa gida da dabararsa. Amma a Matiyu sura 4, da Iblis ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali tun da Allah zai kiyaye shi, Yesu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Wanda ya san birkinsa na zubar da mai, ya cika mota da mutane, ya yi addu’a ya tayar, ba bangaskiya ya nuna ba. Takardar binciken mota da aka samu ta bayan fage za ta iya wuce da kai shingen jandarma, amma ba za ta tsayar da motar a gangara ba.

Na san abin da wani zai ce, ƙorafinsa kuma yana da nauyi. “Malam, kana magana kamar mai kuɗi. Wannan motar ita ce gonata. In na ajiye ta, me yara za su ci? A ƙauyenmu ma ita kaɗai ce ke kai mai naƙuda asibiti da dare.” Ba zan ce maka abin da sauƙi ba. Akwai garuruwan da tsohuwar mota ɗaya ta ceci rayuka fiye da yadda za a ƙirga. Amma ka rarrabe tsufa da hatsari. Ba a ce sai ka yi sabuwa ba. An ce in kuɗin gyara kaɗan ne, ka fara da abin da ke kashe mutum. Kafin ka iya gyara sauran, ka rage lodi, ka bar tafiyar dare in fitila ba ta da ƙarfi, ka rage gudu, gama in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka wajen huɗu. In kuwa birki ne ko sitiyari, ba ka da kuɗin gyara yau, ka ajiye ta har ka samu. Yunwar mako guda tana wucewa. Zuwa gaisuwar mutuwa a gidan da motarka ta yi sanadi ba ya wucewa.

Wannan ya shafe ku, dattawan ikkilisiya, ku da kuke tura motar taro cike da mata da matasa. Kada ku bar direba shi kaɗai da nauyin. In ya ce taya ta mutu, ku ji shi.

Wanda zai saya

A ce ka yi lissafi, ka ga rabuwa ta fi. Saura gwaji na ƙarshe, shi ne kuwa ya fi kayar da mutanen kirki. Dabarun kasuwa sanannu ne: a zuba baƙin mai mai kauri don ƙarar inji ta lafa, a wanke inji tas don kada a ga inda yake yoyo, a shafe walda da fenti, a cire ƙwan da ke nuna akwai matsala, a mayar da kilomita baya. Sa’an nan a ce, “Ai shi ya gani ya saya.”

Me ya gani? Abin da ka shirya masa ya gani. In ka sayar da mota mai tsagaggen shasi ba ka faɗa ba, hatsarin bai gushe ba, ka dai sauya sunan wanda zai same shi, ka kuma karɓi kuɗi a kan haka. Mai yiwuwa wanda zai saya ya fi ka talauci, gama tsohuwar mota ƙasa take gangarawa, daga mai hali zuwa marar hali. Wataƙila ya sayar da shanunsa ne, ko matarsa ta ba shi kuɗin adashinta. Yin shiru a kan abin da ka san zai sa ya fasa, ko ya rage kuɗi, awo ne da mudu biyu. Ka tuna yadda ka so a gaya maka gaskiya ranar da kai ne mai saye.

Faɗin gaskiya zai rage maka kuɗi, kada in ruɗe ka. Dillali ma zai ce ka ɓata masa ciniki. Amma ka faɗa: ga abin da na gyara, ga abin da ya rage, kawo makanikenka ya duba. Wanda ya saya da saninsa zai shirya wa gyaran, ba zai kuwa tsine maka a bakin hanya ba.

In kuma motar ta kai inda bai kamata kowa ya hau ta ba, kada ka sayar da ita a matsayin mota. Sayar wa masu kayan gyara su farfasa. Ba ta zama banza ba. Wanda ya zaga kasuwar Katako a Yamai, ko maƙerar garinsu, ya san abin da ake yi da tsohon ƙarfe: sifirin ya zama adda da gatari, taya ta zama takalmi, tsohon tiyub ya zama guga a bakin rijiya. Gara ta ƙare tana ɗebo wa mutane ruwa da ta ƙare a cikin rami da mutane a ciki.

To, wanne za ka yi?

Ba wanda zai yanke maka daga nesa, gama motoci sun bambanta, aljihu ma haka. Amma ga jerin da za ka bi. Da fari ka tambaya: za a iya gyara ta har in sa ’ya’yana a ciki hankalina kwance? In a’a ne, magana ta ƙare, kome arahar gyaran. In i ne, sai ka tambaya: a wata, wanne ya fi sauƙi ga gidana, gyara ko canji? Ka nemi ra’ayin makanike biyu, ka kuma biya su hakkinsu. Sa’an nan ka bincika zuciyarka, ko idon mutane ne ke tura ka, ko rowa ce ke riƙe ka. Daga ƙarshe, in sayarwa ce, ka shirya faɗin abin da ka sani duka.

Mota ƙarfe ce, ranar da aka ƙera ta aka fara ƙirga kwanakinta. Ba za a tambaye ka shekarunta ba, ko launinta. Abin da za a tambaye ka shi ne yadda ka yi da mutanen da suka dogara gare ka ta dalilinta.

Addu’a: Ya Ubangiji, kai ne ka ba mu abin da muke da shi. Ka ba mu hikimar lissafi, ka tsare mu daga fahariya da rowa. Ka sa ran maƙwabcinmu ya fi kuɗi daraja a idonmu, a kan hanya da cikin ciniki. Ka kai matafiya gida lafiya. Amin.